Akwatin Tela da Turmin Uwar Yara

Shekara talatin da ɗaya na yi a Riyad, amma kwana biyar kacal na samu na tattara su. Kamfanin da nake ja wa tankar ruwa zuwa wuraren gini a Dir'iyya ya ga na haura sittin, idona kuma ya fara gardama da allunan hanya, sai aka ce ba za a sabunta mini iƙama ba, wato takardar zama. Aka buga mini fita ta ƙarshe, aka yankar mini tikiti, ranar tafiya ta faɗo washegarin ƙarewar hutun Babbar Sallah. Mai gidan da nake haya a unguwar Utaiƙa shi ma ya aiko cewa ranar yake son makullinsa. Ban ga laifin kowa a cikinsu ba. Ƙarfina aka ɗauko ni in sayar, ƙarfin kuwa ya ƙare.

Babban ɗana, wanda ke aiki a Kaduna, ya riga ya yi mini tanadin wuri ba tare da ya tambaye ni ba. Ya kira ni ta bidiyo yana zagayawa da wayar: rukunin gidaje ne na tsofaffin ma'aikata a bayan gari, da maigadi, da masallaci, da ma'aikaciyar jinya mai zuwa duk mako ta gwada jini. Ya kira wurin da wani sunan Turanci mai daɗin ji. Ɗaki ɗaya ne da banɗaki, kuma kafin ya gama juya wayar sau ɗaya ɗakin ya ƙare. Na tambaye shi ko gidansa babu ɗaki. Ya ce yara sun yi yawa, hayaniyarsu za ta hana ni hutawa. Na ce Allah ya yi albarka, na kashe wayar. Abin ya yi mini ciwo, kuma har yau bai daina ba.

Gidana na Utaiƙa ɗaki biyu ne da kicin. Ɗaya muke kwana, ɗayan kuwa tun da yara suka watse ya zama ɗakin ajiya. Duk wanda ya zauna Riyad cikin mutanenmu ya san yadda abin yake. Gwauro mai kwana a ɗakin kamfani da mutum takwas ba shi da inda zai bar kayansa idan zai je gida hutu. Wanda takardarsa ta mutu kuwa bai san ranar da za a tare shi a hanya a tasa ƙeyarsa filin jirgi da rigar da ke jikinsa ba. Saboda haka ake neman mai iyali, mai takarda a raye, a bar masa jaka. Ni ne wannan mutumin. Dokokina biyu ne: ba na tambayar abin da ke ciki, ba na buɗewa. In manna filasta, in rubuta sunan mai kaya, in ɗora a kan 'yan'uwansa. Har aka daina kirana da sunana, sai Baba mai ajiya. Ba zan ɓoye ba, ina son sunan nan fiye da kima. Idan aka faɗe shi a masallaci bayan Juma'a, sai in ji tsawona ya ƙaru.

Uwar yara ba ta taɓa son sunan ba. Cewa take na mayar mata da gida tashar mota. Shekarar da aka tsananta kamun marasa takarda ba ta nan, ta riga ta rasu, amma na san da ta ga jakunkuna sun kai silin da ta yi tsakin nan nata mai tsawo, ta wuce kicin tana magana da tukwane.

A maƙabartar Al-Ud aka binne ta. Kabari a can ba shi da suna, dutse ne a kai, dutse a ƙafa. Ranar jana'iza na ƙirga layi daga bango, na ƙirga taku, na riƙe lissafin a kaina kamar lambar motata. Da na koma bayan wata bakwai, an ƙara layuka, ƙasa ta daidaita, duwatsu duk iri ɗaya. Na ƙirga daga nan, na ƙirga daga can, kowane lissafi ya kai ni wani kabari daban. Tun daga ranar sai dai in tsaya a gefen da nake zato, in yi sallama ga kowa da kowa, da fatan tana cikin masu ji.

Abin da ya rage mini nata da zan iya dafawa da hannu shi ne turminta. Tufafinta an raba, 'yan kunnenta 'yarta ta ɗauka. Turmin nan kuwa tun daga ƙauyensu ta taho da shi, shekarar da na ɗauko ta. Mahaifiyarta ce ta ba ta, ta kuma rantse ba za ta hau jirgi ba sai da shi. Na yi faɗa, na ce za a yi mana dariya, aka kuwa yi. Da muka zo, Bayamalen da ke ƙasanmu ya hau sau uku yana ƙorafin cewa silin ɗinsa zai rufto, sai ta ninke tsohon bargo huɗu ta sa a ƙarƙashi, ta ci gaba da dakanta. Gero daga kasuwar Utaiƙa, yaji, daddawar da ake kawo mata tsaraba, duk a cikinsa suka bi. Ranar Sallah gwaurayen unguwa a falonmu suke cika saboda furarta. Tsakiyar taɓaryar ta sule ta yi santsi, daidai inda hannunta ke kamawa. Gefen turmin ya taɓa tsagewa, ni na ɗaure shi da wayar da na samo a garejin kamfani. Bayan rasuwarta ba wanda ya sake daka a ciki, amma duk Juma'a nakan goge shi.

Ranar Arfa muka fara kwasar kaya, ni da 'yata. A Riyad aka haife ta, a nan ta yi aure, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ta iso da ƙunshin baƙaƙen ledojin shara, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta raba falo gida uku: na tafiya, na bayarwa, na zubarwa. Hannunta yana da sauri irin na uwarta, amma ba ta tsayawa kallon abu. Kaset-kaset na tafsiri da ba rediyon da zai karanta su, sakamakon jarrabawar yara, filas bakwai babu mai murfi, tsofaffin fasfo, kalandun da na ƙi cirewa saboda hoton Ka'aba. Duk abin da na ɗaga ina son in ba da labarinsa, sai ta ce khalas, ya isa haka, Baba, ta karɓe ta jefa a leda. Da yamma wasu ɗaliban jami'a 'yan Nijar suka zo suka kwashe katifu da tukwane da fanka, suna ta addu'a. Ina amsawa da amin, zuciyata kuwa tana ƙuna, don na ga ɗayansu ya riƙe kwallar uwar yara ta baki kamar bokitin wanki.

Sai muka zo ɗakin ajiya. Jaka goma sha huɗu suka rage, wasu sun fi shekara goma. Na zauna da littafin lambobi ina bugawa. Mafi yawa lambar ta mutu. Biyu masu kayan ne suka mutu, magada suka ce in yi sadaka da su. Wani ya yi dariya ya ce shi ya ma manta ya taɓa mallakar jaka a duniya. Na tambayi limamin unguwa, ya ce wanda ba a same shi ba a bayar da kayansa sadaka da niyyar ladan ya je masa. Haka na yi, kuma ko a nan ban buɗe ko ɗaya ba. A rufe na miƙa su, wanda ya karɓa ya buɗe a gidansa.

Guda ɗaya ya rage, akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Na wani tela ne ɗan yankinmu da ke ɗinki a wani shago a Batha. Shekara biyar kafin nan ya kawo shi a kafaɗa yana haki, ya ce mini rayuwarsa ce a ciki. Bayan sati biyu aka kama shi aka mayar da shi gida. Tun daga lokacin ko gaisuwa bai aiko ba, lambarsa ma ba ta shiga. Na riga na sa akwatin a layin sadaka.

Ranar Sallah da hantsi, na dawo daga Idi ko hula ban cire ba, sai ga waya daga Najeriya. Telan ne. Labarin dawowata ya kai masa. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya yi mini ta'aziyyar uwar yara da ta makara shekara shida, sannan ya gangaro kan akwati. Na gaya masa jaka biyu kawai jirgi ya yarje mini. Na tambaye shi me ke ciki, karo na farko a rayuwata da na yi wa mai kaya wannan tambaya. Ya ce abubuwa ne da ba a faɗa a waya, makullan kuma suna hannunsa.

"Baba, amana ce fa," in ji shi. "Jiya ma a masallaci nake gaya wa mutane, duk Riyad ba a taɓa ba ku ajiya ta salwanta ba. Na ce ku zuba ido, da hannunsu za su kawo mini."

Na san daɗin baki idan na ji shi, shekara talatin ina zaune da 'yan kasuwa. Amma ya taɓa ni daidai inda nake da rauni. Kafin in yi tunani na ji bakina ya ce in sha Allahu.

Na nemi hanyar da ba sai na zaɓa ba. Na tafi Batha wajen mutumin da ke aika mana kaya gida, na tarar da shago a garƙame, maƙwabcinsa ya ce ya tafi Makka neman kasuwar alhazai, sai bayan sati uku. Na sa mijin 'yata ya tambayi kamfanin jirgi ko za su karɓi jaka ta uku, suka ce a wannan lokacin na shekara babu wuri. Na aro sikeli wajen haris, wato maigadin gidanmu, na ɗora akwatin tela, kilo ashirin da biyu. Na ɗora turmi da taɓarya, sha tara. Jaka ɗaya tawa ce, tufafi da magunguna da takardu, na riga na ɗaure ta na jingine a bango. Saura gurbi ɗaya, kaya biyu.

'Yata ta tsaya a kaina tana kallon sikelin. Ta ce a fasa kwaɗon a gani, in akwai abin kirki a ciki a cire a sa a aljihun jaka, sauran a zubar. Har ta shiga kicin ta ɗauko guduma. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba tun tana ƙarama. Na ce shekara talatin ban buɗe kayan mutum ba, ba zan fara ranar da zan bar gari ba. Ta ajiye gudumar, ta dube ni ido cikin ido.

"To Baba, ka ɗauki akwatinsa. Amma kada ka ce amana ce ta sa. Sunanka kake ji."

Na yi kamar ban ji ba. Na ce to ita ta riƙe turmin uwarta mana. Ta ce kicin ɗinta mutum biyu ba sa juyawa a ciki, a hawa na uku suke, tana da injin niƙa, amma za ta yi magana da mijinta. Na san ma'anar za ta yi magana da mijinta. Da na kira yayanta na Kaduna na gaya masa damuwata, dariya ya yi har yana tari. Ya ce wa ya taɓa jin an ɗauko turmi daga Saudiyya zuwa ƙasar Hausa, in na iso zai saya mini sabo fil, har biyu in ina so. Ban tsaya yi masa bayani ba. Wanda ya sha furar turmin nan har ya girma, in bai gane da kansa ba, bayanina ba zai gane da shi ba.

Kwana uku da Sallah, bayan La'asar, na tafi Al-Ud. Zafi bai sauka ba, ƙasa tana huci ta cikin takalmi. Na tsaya a gefen da nake zato, na yi sallama, na yi addu'a. Sannan na gaya mata zan tafi, ba kuma zan sake samun izinin dawowa ba. Maganar turmi na yi niyyar faɗa, sai na kasa. Na san amsar da za ta ba ni. Tsaki za ta yi, ta ce dama kayan mutane sun fi ta wuri a gidan nan tun tana da rai.

Washegari na naɗe akwatin tela da kwali da igiya. Turmin kuwa na sauko da shi da kaina, hawa biyu, ina hutawa a kowane bene. Na kai wa haris, wani mutumin Bangaladash mai fara'a, na ce ajiya ce, 'yata za ta zo ta ɗauka. Na manna filasta na rubuta sunanta. Ya ce babu matsala, ya tura shi bayan ƙofar ɗakinsa da ƙafa. Ni da na shekara talatin ina karɓar ajiya, ranar na fara bayarwa, kuma daga yadda ya tura shi na gane irin mai ajiyar da na samu.

A Kaduna akwatin ya cinye rabin ƙarƙashin gadona. Na aika wa tela na iso. Ya ce gobe, ya ce jibi, ya ce matarsa ta haihu, ya ce hanya ba kyau. Sai da ya yi wata uku sannan ya zo, a kan babur, ya yi ƙiba, yana ƙamshin turare. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sa mini albarkar da ta fi ta liman tsawo. Na jawo akwatin na ce ya duba kwaɗonsa, yadda ya ba ni haka na kawo. Ya shafa aljihu, ya yi murmushi, ya ce ai makullan sun ɓata tun shekarar da ya dawo. Ya fita ya aro guduma wajen maigadi. Bugu biyu ya yi wa kowane kwaɗo.

Kan keken ɗinki ne a ciki, ya yi tsatsa har ba ya juyawa. Sai ƙyallayen yadi, da mujallun samfurin ɗinki da suka manne da juna, da dutsen guga marar igiya, da riguna uku na mutane da bai gama ba, da silifa ƙafa ɗaya. Ya yi ta tonawa yana dariya, yana cewa kai, duniya, ashe wannan ma yana nan. Ya ce shi fa a zatonsa sarƙar matarsa na ciki, sai yanzu ya tuna ashe tun kafin a kama shi ya aika mata da ita. Ya zaro almakashi guda, ya gwada shi a iska, ya sa a aljihu.

"Baba, ai da kun buɗe kun gani," ya ce. "Wannan tarkacen kuka sha wahalar ɗaukowa?"

Na mayar da murfin akwatin na rufe. Ya ce babur ba zai ɗauki akwatin ba, zai aiko a ɗauka. Shekara ta zagayo ba a aiko ba. Ban kuma zubar ba, kada ku tambaye ni dalili.

Sallar da ta biyo baya 'yata ta je tsohuwar unguwarmu gaishe da maƙwabta, ta turo mini hoto da saƙo cewa in kwantar da hankalina, turmin Mama yana nan lafiya. Na buɗe hoton. Yana bakin ƙofar tsohon gidanmu, an cika shi da yashi, guntayen sigari sun tsaya a ciki. Wayar da na ɗaure tsagar da ita tana nan, filastar ma tana nan. Taɓaryar ce ban gani ba. Da zuciya ɗaya ta turo, na sani, shi ya sa ban yi mata faɗa ba.

Na daɗe ina jin haushin tela, da yaran nan biyu, da haris. Ranar da hoton ya zo kuwa, na tashi in ɗauko rigar Sallah, na buɗe kwaba, na tsaya ina kallon abin da ke ciki. Manyan riguna tara, shadda da aiki, waɗanda na ɗinka don in dawo gida a san daga Saudiyya nake. A nan ba mai gayyatata ɗaurin aure, masallaci taku arba'in ne, jallabiya biyu nake juyawa. Bakwai daga cikin rigunan ko ninkinsu na Utaiƙa ban warware ba. Kwana biyar na yi ina ɗora turminta da akwatin wani a kan sikeli, ina sauke wannan ina ɗora wancan, jakata tana jingine a bango a ɗaure, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in kwance ta ba.

Da ma'aikaciyar jinya ta zo ranar Talata, na roƙe ta aron sikelin da take auna mu da shi. Na kwaso rigunan da hulunansu da takalman fita, na ƙulle a zanen gado na ɗora. Ta tambaye ni ko tafiya zan yi, na ce a'a, wani abu nake son in sani. Kilo ashirin suka yi.